Katangar da Take Komawa Gona

Mai karatu, in akwai gidan ƙasa a danginku, ka san ɓangaren da yake fara jin jiki: katangar gabas. Daga can hadari yake tasowa a ƙasar nan, iska ta kwaso ruwa ta yi ta dukan bango kamar da gayya. A daminar bara, katangar gabas ta soron kakanmu, a wani ƙauye kusa da Zakirai cikin ƙaramar hukumar Gabasawa, ta zauna. An yi sa'a ba kowa a ciki. Bayan an gama girbi aka taru don a yanke shawara, kuma kusan bakin kowa ɗaya: a kwashe, a sayo bulo, a buga kwano, a huta da yaɓen kowace shekara.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda baffana ya yi da baraguzan. Da farko ya sa aka zare azarori ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa kowace da ƙotar fartanya yana sauraron ƙararta, masu kyau ya jingine su a inuwa. Ƙasar kuma ya raba ta biyu. Ja mai danƙo ta saman bango ya ce a tara gefe, za a sake jiƙa ta. Baƙa-baƙar nan ta gindi, wadda ta sha hayaƙi da fitsarin dabbobi shekara da shekaru, ya ce a loda a amalanke a kai gona. Tsohuwar zana ta tafi murhu, tokarta za ta bi sahun ƙasar. Na ce, "Baffa, ba gara a zube shi duka a kududdufi ba?" Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ƙasar tsohon ɗaki ai taki ce." Da aka gama, abin da ya rage wanda ba shi da wajen zuwa bai cika kwando ba: 'yan ƙusoshi, ledoji, da wani fasasshen kwalba.

A lokacin ina tsakiyar karanta takardun bincike kan abin da masana gini suke kira tattalin arziki mai zagayawa. Ma'anarsa a taƙaice: a tsara gini yadda in ya tsufa kayansa za su sake shiga wani aiki, kuma abin da wata sana'a ta zubar ya zama kayan aikin wata. Duniya ta damu da batun ne saboda lissafi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ɗora wa gine-gine da aikin gina su kusan kashi 37 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa ta hanyar makamashi da masana'antu. Siminti kaɗai yana da kashi 7 zuwa 8 na duniya baki ɗaya. Yashi da tsakuwa kuwa, ana ɗibar wajen tan biliyan 50 a shekara. To abin da na gani a tsakar gidanmu shi ne wannan zagayen da ake ta rubuce-rubuce a kai, a hannun mutumin da ya gaje shi. Sai na koma neman tarihinsa: yaya aka ɗaura shi, kuma a ina ya tsinke?

Rami da bango

Ka fara da abu mafi sauƙi. Duk inda ka ga tsohon gari a ƙasar Hausa, za ka ga kududdufi a gefensa ko a tsakiyarsa. Ramin nan shi ne inuwar garin: ƙasar da aka haƙa daga cikinsa ita ce ta miƙe ta zama ɗakuna. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi. Lokacin da sojojin Ingila suka iso Kano a watan Fabrairun 1903, sun tarar da bangon da a wasu wurare ya kai tsayin mita 10 ko fiye, da rami mai zurfi a bayansa. Ramin da bangon abu ɗaya ne: haƙa guda ta ba da kariya biyu.

Kada mu yi wa wannan tarihin kwalliya da yawa. Ganuwa ta tsaya ɗaruruwan shekaru ne domin ana gyara ta bayan kowace damina, kuma hannuwan da suka yi gyaran akwai na gayya, akwai na talakawan da aka tilasta, akwai na bayi. Da ikon da ke tara waɗannan hannuwa ya gushe, ruwa ya fara cin rabonsa, mutane kuma suka mai da ganuwar ma'adinin ƙasar gini. Wani ɓangare na ganuwar Kano yau yana cikin katangun gidajen da ke kusa da ita. Shi ma zagaye ne, sai dai mai ciwo.

Me ya sa ƙasa take yarda a sake amfani da ita haka? Amsar tana cikin yumɓu. Ƙwayar yumɓu faffaɗa ce kamar ɓawon kifi, kuma ƙanƙanta ce ƙwarai, ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba. In ka kwaɓa ƙasa ta bushe, ruwan ba ya fita duka. Wani ɗan siriri yana maƙalewa tsakanin ƙwayoyin yana janyo su ga juna, kamar yadda gilashi biyu masu laima suke mannewa har ka kasa raba su. Yashi da tsakuwar da ke ciki su ne ƙashi, yumɓu shi ne jijiya. Ka ƙara ruwa da yawa, riƙon ya saki, ƙasa ta koma laka. Ka shanya, ya dawo. Ba wani sabon sinadari da aka haifar, don haka ana iya maimaitawa sau nawa aka ga dama. Ƙarfin ginin ƙasa da rauninsa duk daga nan suke: abin da ya ba baffana damar sake jiƙa bangon kakansa shi ne ya ba damina damar kayar da shi.

Magina sun san haka tun ba a ƙera na'urar ganin ƙwayar yumɓu ba. Shi ya sa ake zaɓen birji ko jar ƙasa, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa, wani lokaci da kashin doki, a tattake da ƙafa, a bari ta kwana biyu ta ruɓa kafin a sake juyawa. Ciyawar tana hana tsagewa in ƙasa ta ja jiki wajen bushewa. Sai a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. A wajen gini ana jera shi kai sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya fara da kauri a ƙasa yana sirancewa yana hawa. Duk aikin na rani ne, lokacin da gona ta saki mutane kuma sama ba ta da ruwa.

Abin da marina ta zubar

Nan ne wurin da na fi jin daɗin tarihin, domin a nan ake ganin gini bai taɓa zama sana'a mai cin gashin kanta ba. Bangon ƙasa yana buƙatar riga mai hana ruwa, kuma mafi daraja a cikin rigunan nan ita ce laso. Ka dubi abin da ake haɗawa. Na farko katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin karofi bayan baba ya gama aiki. Marina sukan kwashe shi, su dunƙula, su shanya, su ƙone, a daka ya zama gari. Na biyu gashin jima, gashin awaki da majema suke kankarewa daga fata. Na uku ruwan dafara, wata itaciya mai yaɗo da ake daka saiwarta a jiƙa ta ba da yauƙi. Biyu daga cikin ukun nan shara ce a wajen masu su. Marini ya gama da katsi, majemi ya gama da gashi, magini ya haɗa su ya sami abin da zai shafe rufin soro da saman katanga ruwa ya zame. Shi kansa karofin da laso ake shafe cikinsa don kada ya tsiyaye. Wato marina tana haifar da abin da ake gina marina da shi.

Sai makuba, wadda mutumin ƙauye ya fi sani. Ɗorawa ta ba da garin da yara ke sha, ta ba da kalwar da ake daddawa, ɓawon da ya rage kuma a jiƙa shi ya ba da jan ruwa. Da wannan ruwan ake kwaɓa ƙasar yaɓe, da shi mata suke yayyafa wa daɓe suna bugu da madaɓi suna waƙa har ƙasan ɗaki ya yi sulɓi. A wasu wuraren bagaruwa ake jiƙawa, ita ma dai ta majema ce. Abin da ke aiki a ciki shi ne tanin, sinadarin da ke ba bagaruwa baurinta. Masu bincike a Burkina Faso, inda ake amfani da ruwan ɓawon ɗorawa kamar yadda muke yi, sun gwada shi a ɗakin gwaji, suka ga tanin ɗin yana kama sinadarin ƙarfen da ke cikin jar ƙasa, haɗin ya ƙara wa yaɓen ƙarfi ya rage masa shan ruwa. Kakarka da ta ce a jiƙa makuba tun dare, aikin kimiyyar sinadarai take ba da umarni.

Rufi kuma na giginya ne. Ana tsaga gangar jikinta a fitar da azara, itacen da gara ba ta cika iya masa ba, wanda yake iya fin bangon da ya ɗauke shi tsawon rai. Saboda haka azara takan yi gida biyu ko uku, ana ma rabon gadonta. Amma tana da iyaka: in tazara ta wuce wajen mita 2, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. Wannan iyakar ce ta haifi gwanintar maginan Hausa. Don a rufe babban zaure da gajerun itatuwa, sai a riƙa ɗora azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har hannu biyu su haɗu a sama su ba da bakan gizo. In bakuna suka gitta juna aka cike tsakaninsu, an sami ɗaurin guga.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi, ya kuma sa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ainihin ginin ya kusa shekara 190 a tsaye kafin wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 ana cikin salla, aka rasa rayuka. Duk mai yabon ginin ƙasa, har da ni, ya kamata ya riƙe wannan ranar a ransa.

Daga bango zuwa kunya

Mu dawo Zakirai. Yankin nan yana cikin karkarar da ta kewaye Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazari tun shekarun 1960. Abin da ya ba su mamaki shi ne cunkoson mutane a kan ƙasa mai rairayi, inda ake noma sama da kashi 80 cikin 100 na filin kowace shekara ba hutu, amma gonakin ba su mutu ba. Sirrin taki ne. Harawa da kara su shiga cikin awaki, kashinsu ya fita gona. Tokar murhu da sharar tsakar gida su bi. Jakuna su kai itace birni, su dawo da mangalar shara.

Gidan ƙauye wani zango ne a cikin wannan tafiya. Karan dawa ya zama danga, ya yi shekara ɗaya ko biyu, ya koma makamashi. Gamba ta zama zana, shuci ya zama jinka, in sun tsufa su zama shimfiɗar turke, daga nan sai gona. Bango ma haka. Ƙasar da ta daɗe kusa da mutane da dabbobi tana tara gishirin naitret daga fitsari da ruɓaɓɓen abu, ga toka, ga ɗan yumɓun da ƙasa mai rairayi take ƙishirwarsa don ta riƙe ruwa. Shi ya sa manomi yake son kufai, kuma dawar da aka shuka a tsohon mazauni takan fi ta kusa da ita duhun ganye. Ba mu kaɗai muka gano haka ba. Manoman Masar sun daɗe suna haƙar tuddan tsofaffin garuruwan tubali suna zubawa a gona, suna kiran ƙasar sabak, har masu binciken kayan tarihi suka yi ta kuka da su. A arewacin Sin ma an san tsohon bango da tubalin gadon da ake hura wa wuta a matsayin taki.

Ka lura da itatuwan da ke tsaye a gonakinmu: ɗorawa, giginya, bagaruwa a bakin fadama. Ba tsautsayi ne ya bar su ba. An bar su ne saboda suna biyan haya, kuma wani ɓangare na hayar kayan gini ne.

Shekarar 1824

A watan Janairun 1824 Hugh Clapperton ya shigo Kano, ya rubuta labarin gidajenta na ƙasa da kasuwarta da marinarta. A watan Oktoban wannan shekarar, wani magini a birnin Lidis na Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar wani gari da ya kira simintin Fotlan. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin labaran biyu su haɗu.

Siminti kishiyar yumɓu ne ta fuskar da muke magana. Ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a tanderun da zafinsa ya kai digiri 1,450. A cikin kowane kilo 100 na tsantsar dutsen, kilo 44 suna tashi sama a matsayin iskar kabon, kilo 56 su rage. Wannan fa ban da hayaƙin man da aka ƙona. Ko da hasken rana ka gasa shi, kilo 44 ɗin nan sai sun fita, domin a jikin dutsen suke. In garin ya haɗu da ruwa kuma, sababbin ma'adinai ne suke tsirowa su sarƙe yashi da tsakuwa. Tafiya ce mai hanya ɗaya. Ruwan da ya daskarar da shi ba zai narkar da shi ba, abin da ya sa muke son sa ke nan, kuma abin da ya sa baraguzan bulo ba su da wurin zuwa sai ciko.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya fara kwasar gyaɗa zuwa teku yana dawowa da kwano da siminti. Da farko Turawan mulki su ma a gidan ƙasa suka zauna. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, yana nan har yau. Amma a hankali ofis da asibiti da makaranta suka koma siminti, aka fara kiransa kayan gini na dindindin, ƙasa kuma ta zama ta wucin gadi a takardun hukuma. A farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka maye gurbin tsohon masallacin Juma'a na Kano da sabon gini na zamani. In masallacin birni ya sauya riga, mai kuɗin ƙauye ya ga inda aka dosa.

Masana'antu suka biyo baya: Nkalagu a 1957, Ewekoro a 1960, ta Sakkwato da ta fara aiki a 1967, Ashaka a 1979. Tsakaninsu aka yi abin da ya nuna irin yunwar da ƙasar ta shiga. A 1975, da kuɗin mai a hannu, hukumomin gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar Legas ba ta iya sauke fiye da kusan tan miliyan 1 a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni ana biyan su kuɗin jira, wani simintin ya daskare a cikin jirgi. Murtala Muhammad da ya hau mulki a watan Yulin shekarar sai da ya kafa kwamitin bincike.

Inda igiyar ta tsinke

Da sauƙi a ce mutane sun bar ƙasa don son a sani. Akwai wannan, ba musu: gidan bulo yana magana a wajen neman aure. Amma a ganina dalilan da suka fi nauyi suna wajen bangon ne.

Hannuwa sun tafi. Ginin ƙasa yana cin kuɗi kaɗan da lokaci mai yawa, kuma lokacin na rani ne. Yau samarin da za su tattaka ƙasa suna Kano ko Abuja ko Legas suna acaɓa da dako, suna turo kuɗi. Kuɗi yana sayen bulo cikin kwana ɗaya, ba ya tara gayya. Sana'o'in da ke ciyar da magini su ma sun ja baya. Karofi ɗaruruwa sun mutu da shigowar rinin kanti, ko a Ƙofar Mata kaɗan ne ke aiki, don haka katsi ya yi wuya. Manyan majemun Sharaɗa da Challawa da sinadarin kurom suke aiki, sharar su ba abar shafawa a ɗakin kwana ba ce. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa tsagawa, an sare ba a dasa ba, har azara mai kyau ta zama kayan nesa. A Nijar sai da aka sa wa dazuzzukan giginya na wajen Gaya dokar kariya. Aka koma sandar darbejiya, wadda gara ba ta jin kunyarta kamar azara.

Sannan ga kuskuren da nake gani kusan a kowane ƙauye, wanda ya kashe gidaje da yawa aka ɗora wa ƙasa laifi: shafe bangon ƙasa da siminti. Bangon ƙasa yana shan laima daga gindi yana fitar da ita ta fuska. In ka rufe fuskar da abin da ba ya numfashi, laimar ta taru a baya. Ga shi kuma kayan biyu ba sa miƙewa da ja da baya daidai da juna in zafi ya sauya, sai filastar ta tsage, ruwa ya shiga ya kasa fita. Daga waje bango lafiya lau, ciki kuwa ya zama kunu. Ƙara da sabon titi da aka ɗaga ya fi gidaje tudu, da kududdufin da aka cike aka yanka filoti, sai ruwan da a da yake da masauki ya kwana a gindin katanga. Kududdufi yana da nasa sharrin, sauro da shara da yaran da ke nitsewa, amma cike shi ba tare da an yi wa ruwa wata hanya ba ya mai da ɗakunan mutane kududdufi.

Abin da muka samu a madadi ma sai a duba shi da gaskiya. Kwano ba ya yoyo in an buga shi da kyau, bulo ba ya neman yaɓe duk shekara, kuma tsohuwar da 'ya'yanta suke birni ta fi kowa sanin darajar wannan. Amma ka shiga ɗakin kwano mara silin da azahar a watan Afrilu, sannan ka shiga soro. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i yake isa ciki, lokacin waje ya fara sanyi. Kwano kuwa nan take yake miƙo maka shi. Kuma binciken da aka sha yi a jami'o'inmu yana nuna yawancin bulon da ake sayarwa a bakin titi bai kai ƙarfin da hukumar kula da ingancin kaya ta gindaya ba, domin ana miƙar da buhu ɗaya ya haifi bulo fiye da ƙima. Da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, kai ma ka san abin da ya faru da wannan lissafin. Ga tifofi suna kwasar yashin rafuka dare da rana.

Zagayen bai mutu gaba ɗaya ba, ya sauya hannu ne. Je kasuwar Ƙofar Ruwa ka ga tsofaffin ƙofofi da tagogi da rodin da aka miƙar. 'Yan gwangwan suna bin duk inda aka yi rusau suna fasa kankare don ƙarfen ciki. Ƙarfe yana zagayawa domin yana da farashi. Sauran tulin ne ba mai so.

Dandaji

Masu neman ɗaura igiyar sun fi yawa a hayin iyaka. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Daga 1980, da itacen rufi ya yi ƙaranci, aka fara koya wa magina a Nijar rufin tulluwa da baka na tubali zalla, ba azara ko ɗaya, dabarar da aka aro daga Nubiya. A ƙauyen Dandaji kuwa, mutanen gari sun so rushe tsohon masallacinsu, wanda shi ma aikin Falke Barmu ne, su gina na kankare. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabo kusa da shi da bulon jar ƙasa da aka matse da inji. An gama a 2018, da hannun maginan yankin.

Injin matse ƙasar nan ba sabo ba ne, a Kolombiya aka ƙera na hannu a shekarun 1950, kuma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, da aka kafa a 1978, tana da irin nata. Ana zuba siminti kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 8 cikin 100, don ruwa. Amma ga inda nake da ja: daga ranar da ka zuba wa ƙasa siminti, ka sayar da wani ɓangare na ikonta na komawa laka ta koma gona. Ciniki ne, wani lokaci mai riba, amma a kira shi da sunansa. Ni na fi karkata ga a kashe simintin a inda ruwa yake kai hari, wato harsashi da 'yan layukan farko da saman bango, a ba rufi baki mai tsawo, a bar tsakiyar ta zama ƙasa zalla. A wani gefen kuma, masu bincike a Suwizalan da Kuba da Indiya sun haɗa simintin da ake maye rabinsa da gasasshen yumɓu da garin dutsen farar ƙasa, yana rage hayaƙin da kusan kashi 40 cikin 100. Mu nan muna da namu katsin na zamani jibge a bayan injinan casar shinkafa daga Kura zuwa Haɗeja: ɓuntu, wanda tokarsa in an ƙona shi da lura kusan duk silika ce da ke iya maye wani kaso na siminti. Yawanci cinna masa wuta ake yi a fili.

A gidanmu an tsaya a tsakiya, bayan gardamar da ta kai dare biyu. An yi harsashin dutse da siminti, aka ɗora bulo layi uku, daga nan zuwa sama tubalin tsohuwar ƙasar ne da aka sake jiƙawa aka ƙara mata sabuwa. Azara goma sha ɗaya daga cikin na kakanmu sun koma bakin aiki, an yi rufin ƙasa, aka kifa kwano a samansa da tazarar iska a tsakani. Maginin da ya ɗaura rufin ya haura shekara sittin, kuma da na tambaye shi yaransa, ya ce ɗaya yana gidan bulo a Gezawa, ɗaya yana tuƙa Adaidaita a birni. Makubar yaɓe sai da aka bi gida huɗu kafin a haɗa abin da zai isa katangar gabas kaɗai. Inda aka zuba baƙar ƙasar a gona kuwa, baffa ya shuka dawa, ya kafa ƙaramin dutse a kan iyakar wurin don ya gwada da kunyoyin da ke kusa.